Yanda zaka haɗa Zaku da karan dawa kafin ka kai hannu kan Gundam

Duk yaron da ya tashi a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa ya san motar kara, wasu har tabarau da rediyo da jirgin sama sun yi da totuwa, toh wannan hannun dai shi ne zai haɗa maka robot ɗin Gundam na wani katun ɗin yaƙi na Japan, ba sai ka je wata makaranta ba. Masu kallon katun ɗin Japan ɗinnan da ake ce wa anime suna yawan cin karo da hotunan Gunpla a Facebook da TikTok, wato ƙananan robot na roba da kamfanin Bandai yake bugawa a garin Shizuoka, ana sayar da su a kwali mutum ya zauna ya harhaɗa da kansa, sai ka ga ran yaro ya biya, amma in ka haɗa kuɗin abin da kuɗin kawo shi Najeriya da yanda canji yake yanzu ka san ya fi ƙarfin aljihun ɗan sakandare. Ni dai ban ga dalilin zaman jira ba. In kaka ta yi aka yanke dawa kara ya bushe, kayan aikinka suna nan zube a bayan gari.

Shawarata ta farko ɗan uwa, kar ka fara da Gundam ɗin kansa. Na san shi ne jarumin, fari tas da shuɗin ƙirji da ƙaho biyu a goshi, kowa shi yake so. Ka fara da Zaku, koren nan mai ido ɗaya na ɓangaren abokan gaba. Fuskar Gundam aikin mai haƙuri ce sosai, ido biyu ƙanana, jar haɓa, tsaga biyu a baki, ga ƙahon da in ya karkace ko yaya ne kowa zai gane, shi kuwa Zaku jikinsa a dunƙule yake, ƙafafu manya masu faɗi a ƙasa, kuma dama a cikin labarin shi ba ɗan gata bane, da yawa ake ƙera su ana turawa fagen daga suna lotsewa ana musu faci ana sake turawa, don haka in naka ya fito da ɗan tabo ko karkata babu mai cewa ka ɓata, sai ma ya ƙara kama da na cikin fim ɗin.

Ga wanda bai san daga ina abin ya taso ba, an fara nuna Mobile Suit Gundam a talabijin ɗin Japan ranar 7 ga Afrilu 1979, Yoshiyuki Tomino ne ya ba da umarni a kamfanin Sunrise, Kunio Okawara kuma shi ya zana injinan, har da Gundam har da Zaku. Kafin nan irin waɗannan katun ɗin, kaman Mazinger Z na 1972, robot ɗaya ne tak gagara-badau, kullum a turo masa sabon dodo ya ragargaza shi a tashi. Tomino sai ya mai da robot ɗin kayan soja, harsashi yana ƙare masa, yana lalacewa, makanikai suna kwana a kansa, wanda yake tuƙa shi kuma yana jin tsoro. Labarin shi ne mutane sun yi wa duniya yawa har an gina manyan garuruwa a sararin samaniya an kwashe jama'a can, sai wani yanki mai suna Side 3 ya ɓalle ya kira kansa Zeon ya ɗaura yaƙi da gwamnatin tarayyar duniya, a shekara ta 0079 ta lissafinsu, kuma tun a farkon yaƙin rabin bil'adama suka hallaka. Zaku na Zeon ne, Gundam kuma na tarayyar. In ka ce toh me ya kawo gatari da takobi a zamanin jirgin sama jannati, amsar tana cikin labarin, akwai wani sinadari da suke watsawa mai suna Minovsky da yake kashe na'urar hangen nesa da ta sadarwa, sai ya zama dole a matso kusa a yi ido da ido. Riƙe wannan a ranka lokacin da kake aiki, soja kake haɗawa mai nauyi, wanda ya sha ƙura.

Wani abin da yake burge ni, shirin bai samu karɓuwa ba da farko, an tsara kashi 52 aka datse shi a 43. A watan Yulin 1980 Bandai ta fitar da ƙaramin Gundam na harhaɗawa a kan yen 300, yara da samari suka yi caa a kai, aka maimaita shirin, aka yi fina-finai uku a 1981 da 1982, daga nan abin ya miƙe har yau, an sayar da sama da miliyan 700 na waɗannan Gunpla ɗin. Kenan masu zama su haɗa da hannunsu suna cikin waɗanda suka raya Gundam, kai ma in ka zauna da rezarka a gindin darbejiya cikin sahunsu kake.

Kafin ka taɓa kara sai ka kalli abin da zaka yi da kyau. Masu shirin Gundam suna da tasharsu a YouTube mai suna GundamInfo, suna saka wasu shirye-shiryen kyauta suna cirewa suna canzawa lokaci zuwa lokaci, ka dinga leƙawa in ka sayi datar dare. Kashi na farko na shirin 1979 kaɗai ya ishe ka ganin Zaku ta kowane ɓangare, a nan ne guda uku suka lallaɓo garin Side 7 da yake sararin samaniya, yaron nan Amuro Ray ɗan shekara 15 ya tsinci littafin bayanin Gundam ɗin da babansa ya ƙera ya faɗa ciki ya tayar da shi, har ya kamo tiyon bakin Zaku ɗaya ya fizge. In kana son gajeren labari wanda ba zai cinye maka data ba ka nemi wani shirin Gundam mai suna War in the Pocket na 1989, kashi 6 ne kacal, kuma a ciki akwai inda wani ƙaramin soja Bernie da wani yaro Al suke bin gari suna tsintar kayan gyara don su tayar da Zakun da ya faɗi, wallahi duk mai haɗa abu da tarkace zai ji labarin nan a jikinsa. Ka tsayar da bidiyon ka ɗauki hoton fuskar waya ta gaba, ta gefe, ta baya, sannan ka zana su a takarda da fensir ko da zanen bai yi kyau ba, saboda ba zaka so kullum kana kai waya shagon caji don kawai ka duba yanda gwiwa take ba. Abu ɗaya kuma, labaran yaƙi ne, ana mutuwa a ciki sosai, wasu sababbin ma akwai shigar da bata dace da tarbiyyarmu ba, ka fara kalla kai kaɗai kafin ka tara ƙannenka.

Akwai maganar da sai an yi ta, don na san wani a gida zai leƙo ya ce kai wane wannan gunkin me kake yi. Kar ka ɗaga murya kar ka yi gardama. Ka yi bayani cikin ladabi cewa injin yaƙi ne da mutum yake shiga cikinsa ya tuƙa, a labarin ma ba shi da rai. In zuciyarka bata kwanta ba ka je ka tambayi malaminku, in kuma Baba ya ce baya son ganinsa a gidansa toh magana ta ƙare, sai ka juya ka haɗa jirgin su Amuro mai suna White Base ko tankar yaƙi, hannun dai ɗaya ne.

Kayan aiki yanzu. Karan dawa shi ne gaba, ka zaɓi na gindi mai kauri wanda ya bushe ƙayau, wanda in ka matsa baka ji laushi ba kuma babu hudar tsutsa ko baƙi-baƙin ruɓa a ciki. Karan gero siriri ne, ka ɗebi kaɗan saboda bakin bindiga da yatsu. Dan Allah ka roƙa a baka, kar ka je ka zare a dangar mutane ko a tarin da aka ajiye wa dabbobi, kara yanzu kuɗi ne. Sai sabuwar reza biyu ko uku, wayar ɗaure rodi irin ta magina wajen mita biyu, siririyar wayar jan ƙarfe daga tsohuwar wayar wuta, kwali mai ƙwari irin na sabulu ko na ashana babba, takardar buhun siminti, tsohon tif ɗin keke, cokalin roba, murfin kwalbar lemo, basilla, filaya in zaka samu aro wajen mai gyaran keke, da rula. Wajen gam, farin gam na kafintoci irin su Top Bond shi ya fi dacewa da totuwa da takarda. Ƙaro ma yana yi in ka jiƙa shi ya kwana ya yi kauri, mu nan Jigawa ba a rasa shi, matsalarsa ɗaya in damina ta shigo yakan saki ya yi danƙo. Sufa gulu ka ajiye shi don wurin da waya ta haɗu da roba kawai, in ka barbaɗa ɗan toka a kai kafin ya bushe yana daskarewa ya riƙe gam, amma ka yi a waje, tururinsa yana shiga ido.

Ka yanka karan gaɓa-gaɓa, ka jefar da ƙullin, ka ɓare bayan a hankali tsiri-tsiri. Kar ka zubar da ɓawon, shi ne ƙusarka, ka fiƙe shi gajere-gajere. Ka sani dai yana da kaifi, ya fi rezar saurin yanka mutum, ka dinga jan shi nesa da yatsa.

Awo shi ne inda mafi yawa suke faɗuwa, sai ka ga kai ya yi ƙato ƙafa ta yi guntu abin ya koma 'yar tsana. A labarin tsayin Gundam mita 18 ne, Zaku kuma 17 da rabi, ka ɗauka tsayin babbar giginya kenan. Masu Gunpla suna rage shi kashi-kashi, akwai 1/144, wato an raba tsayin gida 144 an ɗauki ɗaya, wanda yake zuwa santimita 12 da rabi, akwai 1/100 mai santimita 18, sai babban 1/60 mai santimita 30. Ƙaramin ba zai yiwu da totuwa ba, marmashewa zata dinga yi a hannunka. Ka ɗauki 1/60, ga sauƙi, tsawon rular makaranta ne cif, Zaku sai ya tsaya a 29. Yanda nake raba shi, kai 4, ƙirji da ciki 6, ƙugu 4, ƙafa 15, a cikin ƙafar cinya 5 ƙwauri 8 tafi 2. Faɗin ƙirji 7, hannu 11 ya sauko ya kai tsakiyar cinya. Tafin ƙafa tsawo 7 faɗi 4, kar ka ji tsoron girmansa, shi zai tsayar da abin. Ka zana wannan awon a kan kwali da girmansa na gaske, duk abin da ka yanka ka ɗora a kai ka gwada.

Sai ƙashin jiki. Ka yanko wayar rodi guda biyu kowacce santimita 45, in siririya ce ka ninka ta biyu ka murɗa. Ka haɗa su ka murɗe tsakiyarsu tare tsawon santimita 10, nan ne gadon baya, ƙasan ya rabu biyu ya zama ƙafafu, saman ka buɗe shi hagu da dama ya zama kafaɗa da hannu. Ka soka wata guntuwa a sama ta zama wuya. A ƙugu ka buɗe ƙafafun su yi nisan santimita 4 kafin su sauko, in ka bar su a manne zai tsaya tsayuwar mai jin kunya, Zaku kuwa a buɗe yake tsayawa ƙirji a gaba.

Ƙafa zaka fara yi, kuma a nan zaka ɓata lokaci mafi yawa, ya cancanta. Totuwa ɗaya bata kai kaurin cinya ba, ka jera uku ka shafa gam ka soke su da ɓawo ta gefe da gefe, ka bar su su bushe sannan ka fere kusurwoyin da reza har ta zama mulmulalliya. Ka huda tsakiya da basilla kafin ka zura waya, in ka tura wayar kai tsaye tsagewa zata yi. Tsakanin cinya da ƙwauri ka bar rabin santimita babu komai sai waya, ka naɗe wurin da siririn yankin tif, gwiwa kenan, zata lanƙwasu kuma baƙin robar yana ba da kamar inji ne a ciki. Ƙwaurin Zaku siriri ne a sama yana buɗewa yana saukowa har ya rufe rabin tafin, toh ka yi cikin da totuwa biyu, sannan ka yanko kwali ka naɗa shi mazurari, ƙunci sama faɗi ƙasa, ka manna a kai. Tafin ƙafa ka yi shi akwati na kwali, ka lanƙwasa ƙarshen wayar ta kwanta a ciki, ka cusa noti ko ɗan dutse ko yumɓu a kowanne kafin ka rufe. Totuwa bata da nauyi ko kaɗan, in ƙasan bai fi saman nauyi ba iskar hunturu kaɗai ta isa ta kifar da shi. Da ka gama ƙafa biyun ka tsayar da shi a kan benci haka nan babu ƙirji babu kai, in bai tsaya da kansa ba kar ka wuce gaba, gyara tukun.

Ƙirji bashi da wuya, totuwa huɗu a gaba huɗu a baya sun sa wayar a tsakiya, gam da ƙusar ɓawo, ka fere kafaɗun su ɗan zagaye, cikin kuma ka rage masa faɗi. A baya ka manna ƙaramin akwati, kwalin ashana biyu a haɗe ya yi daidai, jakar injinsa kenan. Ƙugu kuma sulke ne ya zagaye shi, ka yanka kwali falle-falle, gaba biyu gefe biyu baya ɗaya, ka manna samansu kawai ka bar ƙasan yana lilo don cinya ta samu wurin motsi. Hannu irin aikin ƙafa ne sai dai totuwa bibbiyu ta isa. Yatsu kar ka wahalar da kanka a karon farko, ka yi dunƙulen hannu ka tsaga layi huɗu da reza, ka huda rami a tsakiya inda makami zai shiga.

Kafaɗun ne suke sa a gane Zaku tun daga nesa, kuma ba iri ɗaya bane. Ta dama garkuwa ce, dogon falle da ya sauko har wajen gwiwar hannu, samansa ya lanƙwaso ya rufe kafaɗar, ka ninka kwali uku ka manne don ta yi kauri. Ta hagu ƙoƙo ce mai tsini uku. Kan cokalin roba biyu in ka haɗa bakinsu suna ba da wannan siffar, ko rabin ƙwallon cikin turaren hammata in ka samu. Tsinin ka fere su da totuwa. Wasu suna sa ƙayar aduwa, tana kyau a ido amma in akwai yara a gidan ban yarda da ita ba.

Kai kuma, na ga masu yin sa da ƙodagon goruba saboda girmansu ɗaya, ni ban ba da shawara ba, ga taurin yanka ga nauyi a sama inda baka son nauyi. Ka yi faifan totuwa mai kaurin santimita ɗaya da rabi, ka ɗora wani ƙarami a kai ka naɗe shi da baƙin tif, sannan ka kifa kan cokalin roba a sama. Wannan baƙin layin da ya zagaye shi ne hanyar da idon yake bi, don idon Zaku kamara ce guda ɗaya mai zirga-zirga hagu da dama. Ka samu ɗan dutsen ado ruwan hoda ko ja ka manna, kuma ga sirrin, kar ka sa shi a tsakiya daidai, ka ɗan kai shi gefe, nan take zaka ga abin ya yi kaman yana harararka. A gaba ƙasan idon ka manna ɗan guntu mai kusurwa huɗu, bakin kenan. Masu son idon ya kama wuta suna ciro ƙaramin ƙwan fitilar jikin laita da batirinsa, yana yi kuwa da daddare abin sha'awa, sai dai waɗannan ƙananan batiran in yaro ya haɗiya hatsari ne babba, in zaka sa ka binne su a cikin ƙirji ka manne.

Saura tiyo, wanda in babu shi Zaku bai cika ba. Wuri uku yake, daga gefen baki biyu ya zagaya zuwa ƙeya, daga gaban ciki ya zagaya ƙugu zuwa jakar baya, sai daga kowace cinya zuwa gefen ƙwauri ta waje. Hanya mafi sauƙi ka naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a jikin ƙusa, zagaye kusa da zagaye, ka zare ƙusar ka samu abin da zai lanƙwasu duk yanda kake so. Wadda ta fi kyau kuma ta fi cin lokaci, ka zare robar bayan wayar wuta mai kauri ka yayyanka ta ƙanana-ƙanana ka zura su a waya ɗaya bayan ɗaya, sai ya fito gaɓa-gaɓa irin na fim ɗin sak. Kar ka kuskura ka ɗauko tiyon ƙarin ruwa daga bolar asibiti ko ta kemis, na san yana kama da abin da ake nema amma cuta zaka kwaso.

Bindigarsa tana da faifan harsashi kwance a samanta, murfin lemo ya gama maka wannan, bakin kuma karan gero ko bututun biro. Gatarin ka yi da kwali, bakin ka shafa masa ruwan ɗorawa don a labarin zafi yake ɗauka ya narka ƙarfe. Gwangwani ya fi sheƙi amma yana yanka hannu.

Kar ka shafa fenti kai tsaye a kan totuwa, shanyewa zata yi ta yi dabbare-dabbare. Ka yayyaga takardar siminti ƙanana, yagawa ba yankawa ba don bakin ya ɓace, ka tsoma a farin gam da ka sirka da ruwa ka lulluɓe duk inda totuwa take a fili, falle biyu, ka shanya a inuwa. Rana mai zafi tana sa kwali ya kantare. In ya bushe zaka ji ya yi ƙwari yana ƙara in ka ƙwanƙwasa, sai ka bi shi da samfefa mai laushi. Launin Zaku kore biyu ne, hannu da ƙafa da kai kore mai haske, gangar jiki kore mai duhu, gwiwa da tafin ƙafa da tsakiyar ƙirji baƙi-baƙi. Ragowar farin fentin ruwa daga wajen masu fentin gida da 'yar koriyar galura ko kalar 'yan makaranta sun isa, ka haɗa mai hasken da yawa, ka ɗebi rabi ka ɗiga masa baƙi ya zama mai duhun. In kuma ja kake so, toh na Char Aznable kenan, babban abokin hamayyar Amuro mai rufe fuska, wanda ake cewa nasa ya ninka sauran sau uku a gudu, hannu da ƙafa ja mai haske da ya kusa ruwan hoda, jiki ja mai duhu, kuma dole ka ƙara masa ƙaho ɗaya a tsakiyar kai alamar kwamanda. In ka manta ƙahon masu kallon shirin sai sun yi maka magana.

Mataki na ƙarshe a fenti shi na fi so, wato tsufar da shi. Masu wannan sana'a a waje kuɗi suke sawa su sayi kalar ƙura da ta tsatsa, mu kuwa gata nan a tsakar gida. Ka shafo baƙin tukunya da yatsa ka goga a bakin bindiga da ƙasan jakar baya inda wuta take fita. Ka kankare bakin fensir ka goga garin a kusurwoyin garkuwa, sai ya yi ƙyallin ƙarfen da fenti ya goge. Jar ƙasa ka kwaɓa da ɗan gam ka shafa daga tafi zuwa rabin ƙwauri, ƙasa ta fi yawa tana raguwa tana hawa. In kana son ganin yanda injin da ya daɗe a daji yake komawa ka duba wani shirin Gundam mai suna The 08th MS Team da aka fara a 1996, yaƙin ƙasa ne a dazukan Asiya, injinan duk sun yi buɗu-buɗu ana cire kayan wani ana sa wa wani. Amma ka tsaya da wuri, in ka cika datti koren zai ɓace.

In ka gama wannan ka ga ya tsaya, toh yanzu ka isa ka tunkari Gundam, kuma zaka ga rabin aikin ka riga ka iya. Ƙashin waya ɗaya ne, awon sai ka ƙara santimita ɗaya a ƙafa. Bambancin shi ne shi jikinsa kusurwa-kusurwa ne, don haka kwali zai fi totuwa yawa, ka dinga jan layi da bayan reza kafin ka lanƙwasa don kusurwar ta fita tsaf. Hannu da ƙafa da kai fari, ƙirji shuɗi da tagogin iska biyu ruwan ɗorawa, ciki da tafin ƙafa ja, garkuwa ja da alamar ruwan ɗorawa a tsakiya, sai mariƙin takobi biyu da suka leƙo ta saman kafaɗu daga jakar baya, tsinken alawa ya yi musu daidai. Ƙahon goshi kar ka yi shi da kwali, lanƙwashewa yake, ka yanko shi daga farar robar jarka, ka ninka takarda biyu ka yanka samfur tukun don ɓangarorin su zo daidai. Fuskar ka yi ta daban a kan ɗan falle, ka yi uku ko huɗu ka zaɓi wadda ta fi, sannan ka manna. In kuma bayan duk wannan wahala wani ƙaninka ya fizge kan, kar ka doke shi, a kashi na ƙarshe na shirin 1979 Gundam ɗin ma babu kai babu hannun hagu ya tsaya ya ɗaga bindiga sama ya yi harbinsa na ƙarshe, kuma wannan tsayuwar tana cikin waɗanda masoya shirin suka fi sani, ka ɗaga masa hannun dama kawai ka gyara ƙafafun.

Wajen ajiya babban maƙiyinka gara ce, sai ɓera, sai laima. Kar ka ajiye shi a ƙasa ko jikin bangon ƙasa ko da na kwana ɗaya ne, ka rataye shi da zare ko ka sa shi a babbar robar da take da murfi, da damina ka dinga fito da shi yana shan iska. In zaka ɗauki hoto ka tura wa abokai, ka fita bayan gari da yamma lokacin da rana ta yi sanyi, ka ɗora shi a kan kunya, ka kwantar da wayar a ƙasa tana kallon sama ta yanda bishiyoyin nesa zasu zo masa iya gwiwa. In kana da sauran kwali ka yi ɗan zaure mai ƙofar santimita 3 ka ajiye kusa da ƙafarsa, a wannan awon na 1/60 tsayin ƙofar gida kenan, duk wanda ya ga hoton zai gane girman abin ba sai ka yi bayani ba.